Takardun mallakar ƙirƙira: Taskar ilimin da muka bari a kulle

Lokaci zuwa lokaci Hukumar NOTAP, mai kula da shigo da fasaha da bunƙasa ta a Najeriya, kan tara malaman jami'o'i da masu bincike a Abuja ta miƙa musu takardun shaidar mallakar abin da suka ƙirƙiro. A yi jawabi, a ɗauki hoto, kowa ya koma makarantarsa da takardarsa a hannu. Abin a yaba ne, domin hukumar kan taimaka wajen shirya takardun da biyan kuɗin rajista. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba a irin wannan taro: bayan an rataye shaidar a bangon ofis, ina bayanin fasahar da ke cikinta yake tafiya, kuma wa zai iya nemo shi ya karanta?

Abubuwa biyu sun faru a 'yan shekarun nan da suka sa tambayar ta fi ƙarfin zauren masana. A watan Fabrairun 2023 shugabannin Tarayyar Afirka sun amince a Addis Ababa da ƙa'idojin mallakar fasaha na yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta nahiyar. Sannan a ranar 24 ga Mayun 2024 ƙasashen da ke cikin Hukumar Kare Mallakar Fasaha ta Duniya, WIPO, suka cimma yarjejeniya a Geneva, wadda ta wajabta wa mai neman mallakar ƙirƙira ya bayyana ƙasar da ya samo tsiro ko ƙwayar halittar da ya gina aikinsa a kai, da al'ummar da ya ɗauko iliminta na gargajiya. Yarjejeniyar za ta fara aiki ne bayan ƙasashe 15 sun tabbatar da ita a hukumance.

Duka biyun sun ginu ne a kan takardu, kuma ƙasar da ba ta iya adana nata takardun ba, ba ta kuma koya wa mutanenta binciken na wasu ba, za ta sa hannu ne kawai ta koma 'yar kallo. A nan Najeriya take da rauni. Mun ɗauki takardar mallakar ƙirƙira a matsayin lambar yabo da matakin ƙarin girma a wurin aiki, alhali a ƙasashen da suka ci gaba babban amfaninta ga jama'a shi ne karanta ta.

Cinikin da ke bayan takardar

Gwamnati ba ta ba mutum haƙƙin kaɗaita da ƙirƙirarsa a kyauta. Ciniki ne tsakaninsa da al'umma. Ita hukuma za ta hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ba da izininsa ba har tsawon shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙata. Shi kuma zai rubuta yadda abin yake aiki dalla-dalla, ta yadda duk wanda ya san wannan fanni zai iya bin bayanin ya aiwatar. A yawancin ƙasashe ana wallafa wannan bayani wata 18 bayan shigar da shi, ko an amince da buƙatar ko ba a kai ga amincewa ba. Idan wa'adin ya cika, fasahar ta zama ta kowa.

Kowace takarda tana da fasali kusan iri ɗaya a duk duniya. Shafin farko na ɗauke da sunan mai ƙirƙirar da kamfaninsa da kwanan wata da lambobin rukuni. Daga nan sai bayanin matsalar da ake son warwarewa da inda dabarun baya suka gaza, sai zane-zane, sai kuma jerin abubuwan da mai takardar ke da'awar cewa nasa ne. Wannan jeri na ƙarshe shi ne kamar iyakar gona: abin da ke cikinsa na mai shi ne, abin da ke wajensa kowa na iya nomawa.

Yawan waɗannan takardu ya wuce misali. Alƙaluman WIPO sun nuna cewa a shekarar 2023 kaɗai an shigar da buƙatu fiye da miliyan 3.5 a duniya. Kusan rabinsu a ofishin ƙasar Sin aka shigar, yayin da kason Afirka baki ɗaya bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ofishin Turai mai hedikwata a Munich ya buɗe rumbun Espacenet a intanet tun 1998, WIPO na da nata mai suna PATENTSCOPE, kuma kowannensu na ɗauke da takardu fiye da miliyan 100. Kamfanin Google ma ya buɗe nasa a 2006. Shiga dukkansu kyauta ne, da wayar hannu ma ana iya buɗe su.

Iyakar ƙasa ita ce iyakar haƙƙi

Abin da ya kamata kowane maƙeri da injiniya da mai masana'anta a ƙasar nan ya sani shi ne, haƙƙin mallakar ƙirƙira ba ya tsallake iyakar ƙasar da ta bayar da shi. Takardar da aka samu a Jamus ko Japan ba ta da ƙarfin doka a Najeriya sai in an zo an yi mata rajista a nan. Kuma lokacin yin hakan ƙayyadadde ne. Yarjejeniyar Paris ta 1883 ta ba mai ƙirƙira wata 12 ya kai buƙatarsa wasu ƙasashe. Idan ya bi ta tsarin haɗin gwiwa na WIPO, wanda Najeriya ta shiga a 2005, yana da kimanin wata 30. Da zarar lokacin ya wuce bai zo ba, fasahar ta riga ta bayyana ga duniya, ba sauran kiran ta sabuwa a nan.

Idan aka auna miliyoyin buƙatun da ake shigarwa a duniya da ɗan abin da ke zuwa ofisoshin Afirka, za a ga cewa mafi yawan abin da ke cikin waɗannan rumbuna halal ne a ƙera shi a sayar a kasuwar cikin gida. Ƙari a kan haka, takardu da dama kan mutu tun kafin shekara 20 saboda masu su sun daina biyan kuɗin sabuntawa na shekara-shekara.

Maƙeran Panteka a Kaduna da masu haɗa injina a Kano da Zariya suna ƙera injin sussukar masara da na ɓare gyaɗa da na casar shinkafa, galibi ta hanyar kwance wani tsohon inji a kwaikwaya, a gwada, a gyara. Matsalolin da suke fama da su, kamar karyewar ƙwayar shinkafa ko yawan cin mai, wasu injiniyoyi sun yi fama da su shekaru da dama da suka wuce a Indiya da Sin da Brazil, sun kuma rubuta mafitarsu da zane. Haka batun busar da tumatir, wanda manoman Kadawa da Kura ke asararsa duk kaka, da batun jimar fata da tace man kaɗanya. Ilimin yana nan a ajiye, mai kai shi ga masu buƙata ne babu.

Indiya ta nuna abin da karatun irin waɗannan takardu kan haifar. A shekarar 1970, shekarar da Najeriya ta yi tata dokar, Indiya ta yi dokar da ta taƙaita mallakar magani ga hanyar haɗa shi kawai, ban da shi kansa maganin. Masana kimiyyar haɗa magunguna na ƙasar suka duƙufa kan takardun kamfanonin Turai da Amurka suna nemo wasu hanyoyin haɗa magungunan. Kafin ƙa'idojin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya su tilasta mata sauya dokar a 2005, ta riga ta gina masana'antar da a yau ke cika shagunan magani daga Legas har Maiduguri. Waccan ƙofa ta doka ta rufe, amma ɗabi'ar karatun tana nan, kuma ita ce abin koyi.

Yadda aka tsara taskar

Mai tambaya zai ce, tunda rumbunan kyauta ne, me ya rage? Abin da ya rage shi ne iya bincike. Neman takarda ta hanyar rubuta kalma kan yaudari mutum. Gyaɗa kaɗai tana da suna fiye da ɗaya a Ingilishi, ga nata a Faransanci da Sinanci, ga kuma sunanta na kimiyya. Lauyoyin da ke rubuta takardun kuma da gangan suke faɗaɗa lafazi don iyakar gonar ta yi faɗi, sai a kira bokiti "mazubi mai mariƙi". Wanda ya rubuta kalma ɗaya bai ga komai ba, sai ya ɗauka shi ne farkon wanda ya yi tunanin abin.

Maganin wannan shi ne tsarin rarrabawa na ƙasa da ƙasa da aka kafa da yarjejeniyar Strasbourg ta 1971. Ya kasa duk fasahar ɗan Adam gida takwas, daga A zuwa H: buƙatun rayuwa, ayyukan sarrafawa da sufuri, kimiyyar sinadarai da ƙarafa, saƙa da takarda, gine-gine, injiniyancin injina, kimiyyar fiziks, sai lantarki. Kowane gida ya rarrabu zuwa rassa, har adadinsu ya haura 70,000. Injinan sussuka suna ƙarƙashin A01F, na ɓare 'ya'yan itatuwa masu ɓawo suna cikin A23N, gyaran hatsi kafin niƙa yana B02B, busarwa tana F26B, jimar fata kuma C14C. Duk harshen da aka rubuta takarda da shi, lambar rukuninta ɗaya ce. A 2013 ofisoshin Turai da Amurka suka ƙaddamar da tsarin haɗin gwiwa da ya ƙara tsattsage rassan zuwa kimanin 250,000.

Ƙwararren mai bincike yakan haɗa lambar rukuni da kalmomi, ya bi dangin takarda don ganin ƙasashen da aka kai ta, ya duba takardun da ta ambata da waɗanda suka ambace ta, sannan ya tabbatar ko tana raye ko ta mutu. Duk wanda ya san aikin laburare zai gane wannan nan take, domin shi ne aikin da ake koyar da ɗalibai a sashen kimiyyar laburare na Jami'ar Ahmadu Bello da na Jami'ar Bayero da na Ibadan: rarrabawa, jerantawa da nemo bayani.

Laburare ne ƙofa

Ƙasashen da suka riga mu sun daɗe da gane haka. A watan Disambar 1836 gobara ta cinye ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka tare da takardu kusan 10,000, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin uku aka iya maidowa daga kwafin da ke hannun mutane. Daga 1871 ƙasar ta fara rarraba kwafin takardunta ga zaɓaɓɓun ɗakunan karatu. Tsarin yana nan har yau a laburare fiye da 80 na jami'o'i da jihohi da birane. Zuwan intanet bai kashe shi ba. Aikin ne ya sauya daga ajiye kundaye zuwa koyar da bincike, inda ma'aikacin laburare da ofishin rajista ya horar ke zama da mai ƙirƙira ya nuna masa yadda ake nema. Turai na da irin wannan haɗaka mai cibiyoyi fiye da 300.

Domin ƙasashe masu tasowa, WIPO ta ƙaddamar da shirin cibiyoyin tallafa wa fasaha da ƙirƙira a 2009, kuma Najeriya na cikin masu cin gajiyarsa. Hukumar ta buɗe ofishinta a Abuja a 2020. Ita ma NOTAP, wadda aka kafa a 1979, tun 2006 take buɗe ofisoshin mallakar fasaha a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da cibiyoyin bincike. Ke nan ba a rasa harsashi ba.

Matsalar ita ce ma'aunin da ake auna nasara da shi. Ana ƙirga takardun da aka samu, ba a ƙirga binciken da aka yi kafin a fara aiki, ko masana'antun da aka nemo wa mafita. Ofisoshin kuma suna cikin harabar makarantu, inda maƙeri ko mai ƙaramar masana'anta ba ya jin yana da hurumin shiga. Ɗakunan karatu na jihohi, waɗanda su ne na kowa da kowa, yawancinsu na fama da rashin wuta da intanet da sababbin ma'aikata. Hatta ginin hedikwatar Babban Laburaren Ƙasa da ke Abuja, wanda aka bayar da kwangilarsa a 2006, ya shafe shekaru masu yawa ba a kammala ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna matsayin da muka ba adana ilimi.

Rajistar da ba ta tantancewa

Babban giɓin yana cikin dokar kanta. Dokar mallakar ƙirƙira da zane ta 1970 ta shardanta cewa abin da za a yi wa rajista ya zama sabo, ya ƙunshi basirar ƙirƙira, kuma ya yiwu a yi amfani da shi a masana'anta. Amma sashe na 4 na dokar ya taƙaita aikin magatakardan rajista, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, ga duba cikar takardu da biyan kuɗi. Ba aikinsa ba ne ya bincika ko abin sabo ne. Dokar ta ma fayyace cewa ana bayar da shaidar ne bisa kasadar mai ita, ba tare da lamunin ingancinta ba. Wanda ke ganin an yi rajistar abin da bai cancanta ba, sai ya tafi Babbar Kotun Tarayya.

Illar wannan ta shafi kowane ɓangare. Malamin jami'a na iya riƙe shaida a kan abin da wani ya wallafa a Koriya shekara 30 da suka wuce, bai sani ba sai ranar da mai zuba jari ya sa aka bincika. Kuɗin bincike da asusun TETFund ke bayarwa na iya tafiya wajen sake gano abin da aka riga aka gano. A ɗaya gefen kuma, kamfanin waje na iya yin rajistar abin da aka ƙi amincewa da shi a ƙasarsa, ya riƙa tsorata masu masana'antun gida da takardar lauya, su kuwa ba su da ƙarfin shari'a. A fannin magunguna wannan na iya jinkirta shigowar mai rahusa, abin da ke nufin rai da lafiya.

Amurka ta taɓa bin irin wannan tsari daga 1793 zuwa 1836, ta watsar da shi bayan kotuna sun cika da rigingimun takardu marasa tushe. Afirka ta Kudu ma haka take yi, amma manufarta ta mallakar fasaha ta 2018 ta ɗauki hanyar komawa ga tantancewa. Sai dai ba a tantancewa sai da rumbun bayanai. Har yanzu mai son sanin ko wata fasaha na da rajista a Najeriya galibi sai ya bi ta hannun lauya ko wakili a duba masa a ofishin rajista da ke Abuja, alhali rumbun WIPO na ɗauke da tarin takardun Masar da Maroko da Kenya da Afirka ta Kudu, kowa na iya dubawa daga ɗakinsa. Idan jama'a ba sa iya karanta abin da aka yi wa rajista, to mai ƙirƙira ya karɓi rabonsa na cinikin, al'umma ba ta karɓi nata ba.

Darasin kurkur da darbejiya

Rumbun bayanai garkuwa ne kuma. A 1995 ofishin Amurka ya ba wata cibiyar lafiya ta Jami'ar Mississippi mallakar amfani da kurkur wajen warkar da rauni, abin da kowace tsohuwa a Indiya ta sani. Majalisar binciken kimiyya ta Indiya ta ƙalubalanci takardar da tsofaffin rubuce-rubuce, aka soke ta a 1997. Haka aka yi da darbejiya: ofishin Turai ya bayar da mallakar wani maganin cutar tsirrai daga manta a 1994, aka soke a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005 bayan ɗaukaka ƙara.

Indiya ta lura cewa masu tantancewar ba su ga hujjar ba ne saboda tana cikin harsunan da ba sa ji da littattafan da ba sa iya kaiwa gare su, kuma bin kowace takarda kotu yana cin shekaru da kuɗi. Don haka a 2001 ta kafa laburaren kwamfuta na ilimin gargajiya, inda aka kwashe haɗe-haɗen magunguna daga tsofaffin littattafan Sanskrit da Larabci da Farisanci da Urdu da Tamil, aka tsara su bisa lambobin rukuni, aka mayar da su Ingilishi da Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci da Japananci. Manyan ofisoshin duniya na shiga rumbun bisa alƙawarin ba za su fallasa abin da ke ciki ba. Matsin lambar Indiya ne ma ya sa aka faɗaɗa rukunin magungunan tsirrai a tsarin rarrabawa na duniya. Habasha, wadda ba ta da irin wannan shiri, ta ga yadda wani kamfanin Holan ya mallaki hanyar sarrafa garin tef, abincinta na gado, a Turai, har sai da wata kotu a Hague ta rushe takardun a ƙasar Holan a 2018.

Mu ma muna da abin karewa: zogale, kuka, tsamiya, zoɓo, ƙaro, kaɗanya, bagaruwa, sabara da ɗaruruwan tsirrai da masu maganin gargajiya da wanzamai da ungozomomi suka san amfaninsu. Wani ɓangare na ilimin a rubuce yake. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Akwai kundayen Larabci da ajami a Gidan Arewa da ke Kaduna, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da sashen tsofaffin rubuce-rubuce na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Likitan nan ɗan Birtaniya, Dalziel, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, da littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Amma mai tantancewa da ke zaune a Munich ba zai ga shafin ajami da ke cikin akwati a Sakkwato ba. Sabuwar yarjejeniyar Geneva ta tanadi cewa ƙasashe na iya kafa irin wannan rumbu tare da shawarar al'ummomin da ilimin yake nasu. Ta kuma wajabta bayyana asali, sai dai wanda zai gane an ɓoye asalin shi ne wanda ke bibiyar abin da ake wallafawa.

Muna da misali na gida da ke nuna abin da rubutu ke yi. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, NIPRD, ta ɗauki haɗin wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, ta inganta shi ya zama Niprisan, maganin rage tashin ciwon sikila, cutar da Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita. Cikin kayan haɗin akwai masoro da kanumfari da ganyen dawa. An sami mallakarsa a Amurka a 1998 da lamba 5,800,819, kuma sunan mai maganin na cikin jerin masu ƙirƙirar. Harkar kasuwancin maganin ta yi ta faɗi-tashi, wa'adin takardar ma ya ƙare, amma bayanin haɗin yana nan. Duk ɗalibin haɗa magunguna a Sakkwato ko Maiduguri zai iya rubuta lambar nan a wayarsa ya karanta shi yau, domin ƙasar da aka kai shi ta adana ta kuma buɗe.

Kano da Maraɗi, doka biyu

Batun ya shafi cinikin kan iyaka kai tsaye. Nijar da Chadi da Kamaru na cikin ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17, inda rajista ɗaya a Yawunde ke aiki a dukkansu. Ghana da Sudan na cikin ARIPO mai hedikwata a Harare. Najeriya ba cikakkiyar mamba ba ce a ko ɗaya. Saboda haka injin da ya halatta a ƙera a Kano yana iya kasancewa mallakar wani a Maraɗi ko Garwa, haka kuma ƙirƙirar ɗan Najeriya da aka yi wa rajista a Abuja kaɗai ba ta da kariya da zarar ta tsallaka Jibiya. Yayin da kasuwar bai-ɗaya ta Afirka ke buɗewa, mai masana'antar da ke son fitar da kaya dole ya iya duba rajista uku kafin ya loda mota.

Inda ya kamata a yi hattara

Takardar mallakar ƙirƙira ba ta zama littafin koyon sana'a. Masu ita kan ɓoye wasu dabarun aiki da doka ba ta tilasta musu bayyanawa ba, kuma da yawa daga cikin abubuwan da aka rubuta ba su taɓa yin nasara a kasuwa ba. Ana buƙatar injiniyan da zai tace, ya gwada, ya daidaita da ƙarfen da wutar da ake da su a nan. Akwai kuma shingen harshe. Tsarin WIPO na wallafa takardu da harsuna goma, ciki har da Ingilishi da Faransanci da Larabci waɗanda mutanenmu ke karantawa, amma babu Hausa, kuma fassarar na'ura kan yi tuntuɓe a kalmomin fasaha. Sababbin manhajojin ƙirƙirarriyar basira na sauƙaƙa nema, sai dai amsarsu na buƙatar mai tabbatarwa.

Rumbun ilimin gargajiya kuwa takobi ne mai kaifi biyu. Abin da aka rubuta don kariya yana iya zama taswira ga ɓarawo. Sirrin da wani gida ya gada bai kamata ya shiga kwamfuta ba sai da yardar masu shi da rubutacciyar yarjejeniyar rabon amfani. Hanya mafi aminci ita ce a fara da abin da aka riga aka wallafa ko ya zama sananne ga kowa.

Abin da za a iya yi

Mataki na farko na ma'aikatar ciniki ne: a ɗauki hoton duk takardun da ke rajista tun daga 1970, a sa musu lambobin rukuni, a buɗe su kyauta a intanet tare da bayanin waɗanda ke raye da waɗanda suka mutu, a kuma miƙa kwafi ga rumbunan duniya da Babban Laburaren Ƙasa. Wannan ba ya jiran sabuwar doka. Majalisar Tarayya kuma ta gyara dokar 1970 ta shigo da tantancewa, ko da za a fara da fannin magunguna kaɗai, ana dogaro da rahotannin binciken da manyan ofisoshi ke fitarwa kafin a horar da namu.

TETFund da hukumomin jami'o'i na iya shardanta cewa duk mai neman kuɗin bincike a fannin injiniya, noma ko magunguna ya haɗa da rahoton binciken takardun ƙirƙira mai sa hannun laburaren makarantarsa. Sassan kimiyyar laburare su sanya wannan a manhaja. Gwamnatocin jihohi kuma su keɓe tebur ɗaya a babban ɗakin karatu na jiha, da kwamfuta da wutar sola da ma'aikaci ɗaya da aka horar, wanda zai riƙa fita zuwa ƙungiyoyin maƙera da masu sarrafa amfanin gona yana tambayar matsalolinsu. Cibiyar binciken noma ta Samaru da ta fasahar fata da ke Zariya na iya zaɓo takardun da wa'adinsu ya ƙare a fannoninsu, su taƙaita su da Hausa tare da zanensu.

Kuɗin duk wannan bai kai na gina kilomita kaɗan na titi ba. Ana cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma tsofaffin takardun da duniya ta gama cin ribarsu na iya zama sabon jari ga mai ƙera inji a Kaduna da mai busar da tumatir a Kura. Hukunci na farko da ake jira yana hannun ma'aikatar ciniki, wato ranar da za ta buɗe rajistar ƙasa ga duk mai son karantawa.